Askin Suna a Garin da Ba a Yanka

Orozo, Abuja.
Laraba, 7 ga Maris, 2012.

Zuwa ga ɗana Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai jego Hafsah da baƙon da Allah ya kawo mana. Yaya ƙarfin jikinta? Me likitocin zuciyar suka ce bayan haihuwar?

Jiya da ka bugo ban ji ko rabin maganarka ba, ka san kunnen nan nawa. Kalma ɗaya na kama: namiji. Shekara tara muna jira! Na fita ƙofar gida na rasa abin yi, sai na ga ina ba masu wucewa hannu, har waɗanda ban sani ba. Innarku ta yi ta guɗa har muryarta ta dishe. Saboda kunnen ne na koma ga biro, ƙanwarka Zakiyya za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfura na koye shi.

Ta karanta mini bayaninka kan garin nan na Indiya. Ka ce nan aka haifi wani mutum da 'yan Hindu ke girmamawa kamar waliyyi, suka gina gidan bauta daidai inda uwarsa ta durƙusa, kuma su ne masu asibitin da kuke. To, kowa da abin da ya taso ya tarar. Mu dai sun riƙe mana yarinya da mutunci, mun gode.

Suna ranar Talata ne. Ka nemi rago tun yau, ka nemi wanzami. Kada yaron nan ya wuce kwana bakwai ba yanka ba aski don kawai an haife shi a nesa.

Ka huta lafiya. Mahaifinka,
Ilyasu.

Asabar, 10 ga Maris.

Lukman,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, saƙonka ya iso, kuma tun daga lokacin ban zauna ba.

Ashe garin ba a yanka ko kaza saboda darajar wurin. Na je wajen liman, ya ce rago a ko'ina ya faɗi da niyyar yaron ya wadatar. Jiya na tafi Masaka. Awa uku muna tsaye a cunkoson Mararaba, ga rana, ga ƙarar tifofin yashi. Na samo fari mai ƙaho, na dawo da shi a bayan mota yana dukan kujerata. Gwiwoyina har yanzu ba su yafe mini ba.

Maganar aski ce ta raba gidan nan. Ka ce kaf garin babu wanzami sai waɗanda ke jere a ƙofar gidan bautar, suna aske masu ziyara, su kuma suna barin gashin a can a matsayin ibadarsu. Innarku ta ce sam. Tana tsoron a share gashin farko na jikanta a haɗa cikin wancan tulin. So take a jira ku dawo, Mato wanzaminmu ya yi, tunda shi ya aske ka. Amma likita ya ce Hafsah ba za ta hau jirgi ba sai bayan wata uku. Kai kuma kada ka sake ka ce za ka yi da kanka. Ban yarda da hannunka kusa da maɗigar jariri ba.

Liman ya ce addinin mai riƙe da aska ba ya ɓata aski. Na gaya mata, ta ce ai ba jikan liman ba ne.

Na gaji, Lukman, amma ga abin da na yanke, in da laifi yana wuyana. Ka kira dattijo a cikinsu ya zo asibiti, kada a kai yaron can. Ka sayi sabuwar reza. Kai za ka yi bisimilla. Ka shimfiɗa zanin Hafsah a ƙasa, ko sili ɗaya kada ya fita ɗakin. Ka ƙulle gashin ka taho mana da shi.

Tun da na faɗi haka, Zakiyya ke kawo mini abinci.

A gaishe da mai jego. Mahaifinka,
Ilyasu.

Laraba, 14 ga Maris.

Ɗana Lukman,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kwanan Taufiƙ? Dubi yadda na rubuta sunan, sau biyar na gwada a bayan takarda kafin ya fito.

Jiya an yi suna lafiya. Muna fitowa daga sallar asuba, ku kuma hantsi ya yi muku, Zakiyya ta kara waya kusa da ragon don ka ji. Ban taɓa ganin suna irin wannan ba. Gida cike da mutane, ga goro, ga masa, amma duk matar da ta shigo sai ta miƙa hannu ta karɓi jariri, sai a miƙa mata waya. Da yamma na kasa tashi daga tabarma. Mato ya zo ya karɓi kasonsa na nama bai aske kowa ba, ya ce ba shi ya ce a haihu a Indiya ba.

Na sa an karanta mini saƙonka sau biyu. Yadda tsohon ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya jira ka gama bisimilla, ya tsince gashin da kansa har wanda ya maƙale a hannun rigarsa, ya damƙa maka, ya kuma ƙi karɓar komai. Da ƙarfi na sa a karanta, don na san Innarku na bayan labule.

Sai yau da safe ta fito. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon kan yaron a hoto. Ta ce an bar gashi a bayan kunnen hagu, da Mato ne ba zai bari ba. Can kuma ta ce angon nata dai ya fi ni kyau. Sai ta tambaya ko daga baya an ba wanzamin wani abu. Da ta ji ba a ba shi komai ba, faɗa ya dawo sabo, wai mun kunyata ta, ba a taɓa aske jininta wanzami ya tafi hannu wofi ba.

Don haka ga saƙonta, ba nawa ba. Tunda ba ya cin nama, ka sayo shadda yadi biyar, ko abin da suke ɗaurawa a can, ka kai masa har inda yake zama a ƙofar gidan bautar. In ya ƙi, ka ce daga kakar yaron ne, kuma ba a mayar mata da kaya.

Yau da hannunta ta kawo mini koko.

Allah ya raya Taufiƙ, ya dawo mana da ku lafiya. Mahaifinka,
Ilyasu.