Akwatin Kifi a Kan Kabad

Daren Laraba, Sharaɗa

Yau baban Ummi ya dawo daga aikin safe tare da abokinsa Sabo, wai sun zo auna inda za a ajiye akwatin gilashi na kifin ado. Tun da ya ga irinsa a ofishin manajansu ya hana ni sakat.

Sabo, wanda ko kaza bai taɓa kiwatawa ba, yau shi ne masanin kifi. Ya ce a yanko dogo siriri, a ɗora kan kabad ɗin kwanukana. "Maman Ummi, shi ne na manya. Gajere ai na masu sayar da tarwaɗa ne."

Na ce, "Malam Sabo, su manyan, tirela tana bi ta bayan bangonsu?"

Ya yi dariya. Duk motar da ta fito da kaya daga kamfanin da ke bayan gidanmu sai kwanukan nan sun kaɗa, kuma a gindin kabad ɗin Ummi take rarrafe.

Na cika dogon filas da ruwa na tsayar a wurin. Ba su gama cin abinci ba wata ta wuce, filas ya yi rawa ya matso baki. Sabo ya ce ai gilashi ya fi nauyi. Nauyin ne ai nake tsoro, sakarai.

Da za su fita na ji baban Ummi yana tambaya ko ana yin gajere mai faɗi, da murfi. Sabo ya ce ba zai yi kyau ba. Kada ma ya yi. Ba 'yarsa ce a ƙasa ba.