Dutsen da Baba Ya Daka wa Wake

Campina Grande, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Babana Anacleto,

Baba, wa ya ce maka kai ne wawa a wannan magana? Faɗa mini sunansa. Amma tukuna, ina gaisuwa. Yaya tarin nan naka? Yaya ƙafar Mama Quitéria?

Ƙanwata Zuleide ta rubuto cewa waken bai yi ba, kuma 'yan ramin haƙar dutse na tsokanarka: "Tsoho, yau ma miyar dutse za a sha?" Wai har ka daina shiga kasuwa. Shekara talatin kana fasa dutsen feldspato a ramukan Seridó, yanzu kana ɓuya wa mutanen da ka koya wa riƙon guduma!

Na samu wani tsohon littafi a masana'antar tayil ɗinmu, na karanta shi sau uku. Dokta Eurico, mai farar rigar nan da ya yi wa ƙungiyarku jawabi, bai yi ƙarya ba da ya ce akwai fotashiyam a dutsen, abincin da wake ke so. Abin da bai faɗa ba shi ne a kulle yake. Silikon da alminiyam da oksijin sun kewaye shi kamar keji. Mu nan sai tanderu ya wuce digiri dubu kafin dutsen ya narke. A gona kuwa ruwan sama ke lasarsa sannu a hankali, shekaru dubbai, kafin ya saki fotashiyam ɗin ya koma farin yumɓu. Yumɓun da Mama ke gina tulu da shi, Baba, dutsenka ne da ya tsufa.

Wata biyu kana daka dutsen a turmi don ka zuba wa wake, kana shaƙar ƙura, ka ajiye takin awaki gefe don ka yarda da mai ilimi. Da na tuna hannuwanka sai hawaye, na ce wa abokan aiki zafin wuta ne. Jikokin jikokinka ka yi wa taki, Baba.

Ga sabon iri na aiko. Ruwa bai ɗauke ba tukuna, ka shuka da takin awaki.

Ran Asabar ina tafe. Ka sa hularka ta fata, mu shiga kasuwa tare, ni a damanka. Na riga na aika wa Dokta Eurico takarda: ya zo ya tsaya gaban lasifikar kasuwa, ya faɗa wa jama'a shekara nawa yake nufi.

Ka gaishe mini da Mama.

Ɗanka mai baki,
Genivaldo