Misalin Ƙanƙara

Amsterdam, farkon Janairu

Wietske tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙugunsa mai ciwo. Tunda kika koma Leeuwarden kina aiki daga gida, ofis ya yi shiru, babu mai yi mini faɗa a kan waƙafi.

Albishirinki! Na gama sabon littafin bayanin kayan cinikinmu, wanda na'urori masu ciniki da kansu za su riƙa karantawa kafin su shiga kasuwar hasashe, inda ake sa kuɗi a kan ko abu zai faru, su sayi "eh" ko "a'a". Hoekstra, shugabanmu, ya karanta a tsaye, kofinsa ya huce a hannu. Ya ce ƙarshen wata zai naɗa shugabar marubuta, ni ko ke. Na sayo wa ofis kek ɗin tuffa, an cinye har da rabonki.

Kin san ƙa'ida, shafi ba ya fita sai ido na biyu ya gani. Ki duba mini, don Allah.

Ƙanwarki a aiki,
Annelot

Leeuwarden

Annelot,

Ina amsawa. Baba yana nan, ƙugu sai lallaɓawa.

To, barka. Shekara uku ina rubuta wa waɗannan na'urori bayani, Hoekstra bai taɓa barin kofinsa ya huce a kaina ba. Ranar da kika zo ofis ko bambancin farashin mai saye da na mai sayarwa ba ki sani ba, ni na zaunar da ke. Yanzu har an kai ga "ni ko ke", kuma "ni" ce a gaba. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo, ina wanke-wanke ina jin sa.

Na karanta littafin. Ya yi kyau, shi ne ma abin haushin. Na sa hannu, ki fitar da shi.

Ki huta lafiya,
Wietske

Amsterdam

Wietske,

Gaisuwa a gurguje.

Kin tuna misalin da na bayar a shafin saye? "Shin hanyoyin ruwan Friesland za su daskare bana har a yi babban tseren gudu a kan ƙanƙara?" Don ke na zaɓe shi, tunda yankinku ne, da kuma yadda kike ba ni labarin Baba da tseren nan. Sai na yi kuskure na sa lambar kasuwar ta gaske maimakon ta gwaji. Kin san halin na'urorin nan, mutum ya ga misali ya gane misali ne, su kuwa kwafa suke yi harafi da harafi. Kafin azahar dubbansu sun sayi "eh". Farashi ya tashi kamar gobe za a yi tseren, ga ruwan sama kuwa ana ta zubawa. Masu na'urorin sun yi asara, wayar ofis ba ta huta ba.

Hoekstra bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Annelot, tattara ki koma sashen amsa koke." Na ce masa laifina ne ni kaɗai, ke ba yadda za a yi ki gane lambar.

Taki,
Annelot

Leeuwarden

Annelot,

Bayan gaisuwa, kin dai ji, an ba ni kujerar. Na ɗauka zan yi murna.

Labarin farashin ya iso shagon shayin da tsofaffin unguwarmu ke zama. Baba ya dawo yana haki, wai na'urori sun ga sanyin da masu duban yanayi ba su gani ba. Ya sauko da takalman gudun ƙanƙararsa daga rufi, ya wasa ƙarafan. Mutumin da ya ba saba'in baya! Kullum da safe sai ya dogara sanda ya je bakin ruwa ya tsoma yatsa. Na ce, "Baba, kuskure ne." Ya ce, "Ke yarinya, na'ura dubu za su yi kuskure iri ɗaya?"

Ga wani abin kuma. A taron jiya Hoekstra ya ce ɓarnar nan ta nuna ba a taɓa rubuta bayani mai fita sarai kamar naki ba, tunda kowace na'ura ta bi shi har ƙarshe. Nawa kuwa, rabinsu a shafi na biyu suke ɓacewa. Ina zaune a kujerar, ana yabon kuskurenki. Ko faɗuwa sai kin fi ni iyawa?

Wietske

Amsterdam

Wietske,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ki murna.

Yau na buɗe tarihin shafin don in gyara shi. Na ga tsokacin da kika rubuta a gefen misalin, "wannan lambar ta gaske ce", da lokacin da kika goge shi kafin ki sa hannu. Ban nuna wa Hoekstra ba, ba kuma zan nuna ba.

Amma batun Baba, ke za ki zaunar da shi ki gaya masa dalilin da ya sa zai mayar da takalman rufi.

Ki huta lafiya,
Annelot