Alamar Nau'i Ta Ceci Awakin Kawu

Daren Laraba, Bebeji

Murna ta hana ni barci. Yau Anti Sadiya, mai duba aikinmu kafin a saka shi a manhajar rigakafin dabbobi, ta karɓi nawa!

Amma da safe dawo min da shi ta yi. Umarnin kwamfuta ɗaya na rubuta da zai tace jerin kowace irin dabba. Ta kira ni ta ce, "Hafsatu, jerin da yake fitarwa na shanu ne ko na awaki? Ni mai dubawa ban gane ba."

Na ɗan ji haushi, amma na sa wa umarnin alamar nau'i, wato alamar da ke nuna irin dabbar da ke cikin jeri: irin da ya shiga, irinsa zai fito. Nan take kwamfuta ta ja jan layi inda ake lissafa wa awaki allurar shanu. Gabana ya faɗi, don makiyayan Burumburum ne za su fara amfani da manhajar, har da Kawu Bello da awakinsa.

Na gyara kuskuren na mayar mata, da yamma ta rubuto: "Madalla. Gobe ke za ki duba aikin sauran."

Ni! Inna ta leƙo ta ce, "Lafiya kike dariya ke kaɗai?" Na rasa ta ina zan fara, sai kawai na rungume ta.