Kada Ka Sake Taɓa Kwamfutata

Baban yara,

Na tafi makaranta, na bar ka kana munshari.

Da safe na kunna kwamfutata zan buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, sai na tarar da baƙin allo, wani ɗan farin layi yana ta ƙifta mini ido. Ashe gyaran da ka ce za ka yi mini ke nan. Ka cire LibreOffice da nake rubutu da ita, ka cire VLC, ka cika mini na'ura da manhajojin nan naka da sai mutum ya haddace umarni goma kafin ya rubuta sunansa. Wai ba su da nauyi. Ai buhun da babu komai a ciki ma ba shi da nauyi.

Ni da Linux shekara uku muna zaman lafiya kafin ka sa hannu. Cikin minti ashirin na mayar da kayana, ni da kake cewa ban san komai ba.

Kada ka sake taɓa ta. Na ma canza kalmar sirri. Sunan malamar ajin 'yarka na sa, don haka na san kwamfutar ta huta.