Magajin Kujerar Baba Maitama

Taman Melati, Kuala Lumpur

Baba Maitama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan ka tashi lafiya. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Baba, tun da ka koma gida ba wanda ya hau kujerarka a rediyonmu na Muryar Baƙi. Ni dai ina bayan na'ura ina ta maimaita tsofaffin shirye-shiryenka na kiɗan jazz, Bushe-bushen Asabar, har masu sauraro sun haddace wuraren da kake yin tari. Shi ne kwamiti ya ce a gwada masu son gabatarwa. Mutum biyu suka zo.

Ta farko Lailatu ce, matar Hambali mai karatun digiri na uku. Ashe shekaru tana jin shirinka a kicin. Da ta zauna a tsorace take, amma kiɗa na tashi sai ta nutsu. Ta yi shiru har ya ƙare, sannan ta ce, “Ku lura da mai gangar nan, ko kaɗan bai yi gaggawa ba.” Wallahi kamar kai nake ji.

Na biyu Munzali ne, ejan ɗin nan mai samo wa ɗalibai gurbin karatu. Da tapau ɗinsa ya shigo, wato ƙunshin shinkafar da ya sayo a hanya, yana ci yana magana. Ka san yaran Kudu asiri suke nufi in sun ce jazz. To da wannan ya buɗe: “Jama'a, jazz ɗinmu ba na boka ba ne o, kada ku tsorata!” Ya kece da dariya shi kaɗai. Kiɗa bai je ko'ina ba ya yi min alama in rage, ya hau tallar ofishinsa har da lambar waya. Bayan ya fita sai da na cire soson makirufo na wanke da omo, duk maiƙo da ƙwayar shinkafa.

Abin da ya tsorata ni, Alhaji Maikano shugaban kwamiti dariya yake ta yi, yana cewa yaron yana da kuzari. Don Allah Baba ka rubuto musu. Kai ka kafa shirin nan, ba mai iya musa maka.

A gaida mutanen gida.

'Yarka,
Najiba

Hotoro, Kano

Zuwa ga 'yata Najiba,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Hajiya da sauƙi, har ta fara takawa zuwa tsakar gida, tana kuma gaishe ki.

Na karanta saƙonki har sau biyu. Na ji daɗin labarin Lailatu, Allah ya yi mata albarka. Amma Najiba, kujerar gabatarwa makaranta ce. Ni ma ranar da na fara, shirme na yi ta zubawa. Mai yiwuwa shi ma Munzali in ya zauna kunnensa ya buɗe.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wani abu kuma. Kin san ɗana, ƙaninki Al-Amin, ya samu gurbin karatu a nan wurinku, kuma Munzali ne yake bin maganar bizarsa. Fasfo ɗin yaron ma yana hannun wakilinsa a Abuja. Shekaranjiya ya kira ni ya gaishe ni da ladabi, ya ambaci shirin, sannan ya ambaci bizar. Ban ce barazana ya yi ba. Amma na tsufa, na san abin da ake nufi in an jera maganganu biyu haka.

Ki yi haƙuri, ki bar kwamiti ya yi aikinsa. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Naki,
Maitama

Taman Melati

Baba,

Salam. Ina gaisuwa. Alhamdu lillahi da jin sauƙin Hajiya.

Kwamiti ya yi aikinsa. A wani shagon mamak, irin na Indiyawan nan masu sayar da abinci, a Kampung Baru aka zauna, ana shan shayi ana yanke hukunci. Alhaji Maikano ya ce, har da “lah” ɗin nan na 'yan Malesiya, “Matar aure ta zauna tana yabon bushe-bushe duniya na ji? Haba, ba zai yiwu ba lah.” Hambali yana wurin, ya ce shi ne mijinta kuma ya amince. Ba wanda ya ko dube shi. Da na ce a jira ta bakinka, Alhaji ya juyo min da wayarsa, ga saƙonka: duk wanda aka zaɓa ka yarda. Kunya ta kama ni a gaban Lailatu.

Asabar ɗin da ta wuce Munzali ya fara. Ya ce a buɗe layi masu sauraro su gaishe shi. Kira na farko wata yarinya ce daga Cheras. Ta ce, “Yallaɓai Munzali, ni ce Khaulah. Fasfo ɗina yana wurinka tun bara. Bizata ta ƙare, ko kedai ba na iya sauka in yi sayayya don tsoron kame. Ba ka ɗaukar wayata, shi ya sa na kira nan.”

Ya hau yi min alama in ɗaga kiɗa. Na naɗe hannuwana. Sai ya taso ya ture ni, ya ɗaga da kansa. Baba, wannan mai kakakin da kake cewa numfashinsa kamar na mai addu'a, shi aka saka don a danne kukan yarinya. Ana jin ta a ƙasa tana cewa “don Allah, don Allah,” har ya katse layin. Ya koma kujera ya gyara hula ya ce, “Matsalar sabis ce, jama'a.”

Washegari Alhaji ya dakatar da ni, wai na tozarta mai gabatarwa. Na miƙa masa makulli. Ni da Lailatu muka je Cheras muka ga Khaulah. Su uku ne a ɗaki ɗaya, duk matsalarsu iri ɗaya, taga a rufe da zani. Hambali ya raka su ofishin jakadanci.

Ka yafe min in na yi rashin kunya. Munzali bai ba ni mamaki ba, kowa ya san halinsa. Amma kai ka koya min cewa ba a magana a kan kiɗan mutum sai ya gama faɗin abin da ke ransa. Kuma har yau da sunanka ake buɗe shirin nan. Ka yi tunanin hannun da za ka jefa Al-Amin a ciki.

Na bar ka lafiya.

Najiba

Hotoro, Kano

Najiba,

Salam. Ba ki yi rashin kunya ba.

Na nemi shirin na saurara har ƙarshe. Na rubuta wa Maikano a cire sunana, kuma na gaya masa dalili ba tare da kwana-kwana ba. Bai amsa ba. Munzali ne ya amsa: jiya direban tasha ya kawo fasfon Al-Amin a cikin leda, babu biza. Karatun bana ya wuce shi. Tun safe yake ɗaki, bai fito ya gaishe ni ba.

An ce min Munzali na nan kan kujerar. Ki ba Lailatu haƙuri, ni ba ni da fuskar kiran ta. Ki turo min lambar iyayen Khaulah, zan je in same su da kaina.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Maitama