Gangaren da Yayana ya sauka bayan Inna ta hana shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan, sau da yawa in fara in goge, ko yanzu da nake danna waya ban tabbata daidai nake yi ba, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, amana ce aka ba ni. Amma na gaji da juya ta a kaina, ta hana ni cin abinci da daɗi, ko salla nake sai in same ta gabana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon bayani, ban iya taƙaitawa ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Malbaza da Illela. Bayan garinmu akwai dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, ja daga sama, fari daga ƙasa. Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ban daɗe da barin lakwal ba, wato makarantar boko, samarinmu masu zuwa cirani Najeriya suka fara dawowa da kekuna, baƙaƙen nan masu sanda. Don zuwa kasuwa da ɗaukar buhu aka saye su, amma in an gama girbi an sa hatsi rumbu, babu aiki, sai samari su tura kekunansu kan dutsen su gangaro. Hanya biyu ce. Akwai wadda mata ke bi zuwa itace, ita ta masu koyo ce. Akwai kuma wadda awaki suka fitar, muna ce mata Wuyan Raƙumi, don ta miƙe ƙasa tsaye, ta yi wata muguwar kwana, sannan ta sake zubowa har cikin yashin ƙorama. Hagun kwanar kwazazzabo ne da ruwa ya ci, in ka jefa dutse sai ka ɗan saurara kafin ka ji faɗuwarsa.

Dokar wasan ita ce a cire birki. Wanda ya sauka da birki ba a ƙirga shi cikin maza, 'yan mata masu tallar gyaɗa ma ba su yi mishi guɗa. Takalmin taya ake sa wa, in gudu ya yi yawa sai mutum ya miƙa ƙafa baya ya danna tafin takalmin kan tayar keke, har ka ji warin roba na ƙonewa daga nesa. Ni ban taɓa sauka ba ko sau ɗaya, ko ta hanyar mata, tsoro gare ni tun ina ƙarami. Aikina shi ne in tsaya wajen kwanar da farar hula kan sanda, in babu jaki ko mace da itace kan hanya in ɗaga, in akwai in sauke. Shi ya sa suka sa mini suna Jandarma. In na ce a dakata iska ta yi yawa, sai su ce, “Jandarma, kai dai ɗaga hularka, in mun hwaɗi ba ƙafarka ce za ta karye ba.”

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne gwanin gangaren. Ba don yayana ba ne na faɗa, har daga ƙauyukan kewaye ana zuwa kallonsa. Kowa in ya zo kwanar sai ya danna takalmi, shi ba ya dannawa, kwantar da keken yake yi har gwiwarsa ta kusa shafar ƙasa, tsakuwa na tashi bayansa tana zuba cikin kwazazzabo, ya wuce ni yana dariya. Ni kuwa kullum sai na rufe ido.

Wata shekara wani yaron maƙwabtanmu ya faɗi, haƙoransa na gaba suka zube, kafaɗa ta goce. Da labari ya iso gida, Innarmu ta kira Yaya tsakar gida gaban matan unguwa, ta ce mishi in ya sake sauka dutsen nan da keke, ba ta yafe mishi nonon da ya sha ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan magana. Yaya ya durƙusa ya ce ya bari, kuma ya bari ɗin, ya maida birkinsa, rani guda cur ko kallo bai je ba.

Rani na biyu wasu samari suka zo daga wajen Tajaye da nasu gwanin. Suka sauka, suka yi kyau, sannan suka shiga tambaya ina wanda ake ba su labari, ko an ɗaure shi da zanen goyo ne. Ranar Inna ta tafi biki Illela, za ta kwana biyu. Na roƙe shi, na tuna mishi maganarta, ya ce mini, “Sau guda ne, wa zai gaya mata, kai?” Na je na tsaya wurina don in ban tsaya ba wani zai tsaya, hanya babu kowa, na ɗaga hula. Kwanar ya wuce ta lafiya kamar yadda ya saba, can ƙasa inda babu wanda ke tsoro, tayar gaba ta hau wani dutse mai kaifi ta fashe. Ya tashi sama ya sauko da kai, bayan kunnensa na dama ya bugu. Muka same shi ba ya motsi, jini na fitowa ta kunne. Baƙin suka hau kekunansu suka gudu. Ni da abokansa biyu muka ɗauke shi zuwa zangon wasu Buzaye makiyaya da ke bayan ƙorama, sai wajen la'asar ya buɗe ido. Maganarsa ta farko, ya kama hannuna ya ce in rantse Inna ba za ta ji ba. Na rantse. Ya yi kwanaki a zangon yana amai, muka ce wa gida ya samu aikin lodi a Konni. Likita ba mu kai shi ba, don in an kai shi magana ta fito.

Ya warke, ya dawo, gashi ya rufe tabon. Sai da damina ta yi nisa, muna cikin noma, ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita bakinsa. Farfaɗiya. Daga ranar ta zauna mishi. Mutane suka ce iskokin gona ne, wasu suka ce ai an taɓa yin mai irinta a dangin Babanmu, abin da ban taɓa samun wanda ya tabbatar mini ba. Inna ta bi malamai, ta bi masu magani, babu inda ba ta kai shi ba. Daga baya wani majo, babban ma'aikacin jinya, a likitar Konni ya sa shi kan ƙwaya, ta ragu sosai, yanzu sai a daɗe ba ta tashi ba. Majon ya tambaye shi ko ya taɓa buguwa a kai, ina zaune, Inna na zaune, ya ce a'a. Babanmu ya rasu bai sani ba. Abokan nan biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi Abijan tun tuni babu labarinsa. A garinmu saura ni da shi muka sani.

Ga abin da ya taso yanzu. Yaya yana da ɗiya, autarsa, yarinya mai hankali, ta koyi ɗinki tana taimakon gidan. Wani yaro ya fito yana son ta, ita ma tana son shi, kowa ya yaba da halinsa. An fara magana, sai dangin yaron suka ji labarin ciwon Yaya. Baffan yaron ya zo wurina, don ni ne wakilinta, dattijo ne mai kunya, ya daɗe yana kewaye-kewaye kan damina da tsadar taki kafin ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, ciwon ga na yayanka gado ne? Ba mu ƙi yarinya ba, amma mata sun tada hankali a gida, sun ce jikoki.” Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, ya ce zai dawo bayan Salla, abin da na gaya mishi da shi za su yi aiki, don an shaide ni ban yin ƙarya. Wannan shaidar ma ta ƙara mini nauyi.

Na sami Yaya a gona na ce mishi lokaci ya yi, ya bar ni in faɗi cewa buguwa ce. Ya ƙi. Muka yi sa-in-sa irin wadda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Na ce baffan yaron kaɗai zan gaya wa, ya ce matar baffan kowace Juma'a tana zuwa gaida Inna, kuma a garinmu wace magana ce ta taɓa kwana ɗaki guda. Na ce auren ɗiyarsa ne zai lalace, kuma in wannan ya fasa saboda gado, babu wanda zai sake fitowa. Ya ce ya sani, ba sai na koya mishi son ɗiyarsa ba. Sai ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Ya ce shi ba fushin Inna yake tsoro ba, ya ɗauki ciwon nan tun farko a matsayin hakkinta ne ya kama shi, kuma ya yarda. Abin da yake tsoro shi ne ta gane cewa bakinta ne ya faɗa kansa. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai, ciwon zuciya gare ta. Ya ce tsohuwar da ta ƙare ƙarfinta tana nema mishi magani, yanzu a ce mata kalmarta ce, wannan kashe ta ne. Ya tuna mini na rantse, ya ɗauki hauyarsa ta noma ya bar ni tsaye.

Kuma gaskiya ne, har yau in Inna na yi wa jikoki faɗa da shi take misali. Sai ta ce, “Ku dubi babanku, sau guda na ce ya bar dutse, bai sake ba.” In ta faɗi haka Yaya sai ya tashi ya fita, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Na taɓa sa shi ya nemi gafararta ba tare da ya faɗi laifin ba. Ta yi dariya ta ce, “Kai kuma mi ka yi mini? Na yahe maka duniya da lahira.” Shi ya ce wannan bai isa ba tunda ba ta san abin da ta yafe ba. Ni ban sani ba, wata rana in ga ya isa, wata rana in ga bai isa ba.

Wani abin da ke ƙara ruɗa ni, ni kaina ban da tabbacin buguwar ce ta kawo ciwon. Tsakanin faɗuwar da farfaɗiyar farko watanni ne, ya yi noma, ya yi tafiya, lafiya lau. In na karya rantsuwa na ce wa mutane ba gado ba ne, alhali gado ne, na yi zunubi biyu, na cuci yaron da danginsa, na kuma tada hankalin tsohuwa a banza. In na yi shiru ko na ce ban sani ba, sun fahimci gado ne, su janye. Ilimina bai wuce na firamare ba, abin da ban gane ba ina jin tsoron in yanke hukunci kansa.

Shekaranjiya yarinyar ta kawo mini wata riga da ta gyara mini, ta ajiye ba ta tafi ba. Ta ji abin da ake faɗa, ƙawayenta sun kai mata. Na zaci maganar aure za ta yi, sai ta ce, “Baba, in sun fasa ba komai. Ni dai ka gaya mini, ni ma wata rana zan hwaɗi ne? Ko jiri na ji sai in zauna ƙasa in jira.” Ta ce ta daina zuwa rijiya ita kaɗai, ta daina zama kusa da murhu. Ban san tana ɗauke da wannan ba, kuma ban san tun yaushe ba. Na ce mata Allah ya tsare, ta dube ni ta ga ba amsa ba ce, ta yi sallama ta fita.

Don haka nake roƙon masu sani a cikinku. Likitoci da ma'aikatan lafiya, buguwar kai tana iya kawo farfaɗiya bayan watanni, mutum ya warke sannan ta fito? In ita ce, 'ya'yansa na iya ɗauka? Akwai hoton kai da zai nuna tsohon rauni bayan shekaru masu yawa haka, kuma ina ake yin shi, Tawa, Yamai ko Sakkwato, don in likita ne ya faɗi da bakinsa wataƙila ba sai an ambaci keke ba? Malamai kuma, rantsuwar da na yi mishi yana kwance cikin jini tana kaina har yau, ko in yi kaffara in faɗi? Yafewar da uwa ta yi ba ta san laifin ba, ta ɗauke waccan maganar tata? Kuma ko ban gaya wa kowa ba, ya halatta in gaya wa yarinyar ita kaɗai, ba da sanin ubanta ba? Salla ta kusa. Wanda ya san wani abu don Allah ya rubuta, ko kaɗan ne, zan karanta duka.